Na Je Dubai Ɗauko Ƙanina

Daga gida zuwa Kano

Ƙarfe huɗu na asuba ranar Talata na fito, cikin Nuwamban 2019, da jaka ɗaya da fasfo sabo dal. Mama ta rako ni bakin zaure tana dogara sanda. Ba ta ce a sauka lafiya ba. Cewa ta yi, "Saratu, kada ki dawo mini hannu rabbana." Na ce, "Mama, kin san halina."

Bari in faɗa wa wanda bai sani ba abin da ya tashe ni, tsohuwar unguwarzoma da ba ta taɓa wuce Zariya ba. Ƙanina Ishaku ya daɗe yana aikin lantarki a Dubai. Matarsa Hannatu ta zauna da shi can, ta dawo gida ba lafiya a 2017, ta rasu, muka binne ta a makabartar bayan cocinmu. Shekara na zagayowa shi ma zuciya ta buga masa a wurin aiki. Ba mu gama kuka ba abokinsa Bulus ya bugo waya, wai sun binne shi a can, haka ya roƙa tun yana raye. Na tambayi dalili, ya ce, "Yaya, maganar ba ta waya ba ce." Na wanke shi tas, na kashe wayata.

A makabartarmu layi ake bi. Wanda ya riga tafiya shi ke gaba, ba a tambayar matar wa ce ko ɗan wa ne, yara kuma ɓangarensu daban. Shi ya sa Baba yana gindin tsamiya, ƙanwarmu da ta rasu tana goye tana can gabas, kakarmu da ba ta yi baftisma ba tana gona. Gida ɗaya, amma a warwatse kamar an watsa wa kaji tsaba. Sai dai Hannatu ce ta cike layinta, ɗan fili ya rage tsakaninta da katanga, daidai kwanciyar mutum ɗaya. Mama ta kewaye shi da duwatsu ta ce na Ishaku ne. Dattawan ikilisiya suka yi haƙuri, daga baya suka ce wuri ya ƙure: in ba a kawo shi kafin Kirsimeti ba, wanda Ubangiji ya kira shi za a sa. Na sayar da saniyata, na ce ko ƙashinsa ne sai na ɗauko.

Daga Malumfashi na shiga motar Kano, mu huɗu a baya da buhun barkono a ƙafafunmu. A shingen kusa da Gwarzo ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Inna, ina zuwa?" Na ce Dubai. Motar ta kwashe da dariya har da direba. Ɗan sandan ya ce in sayo masa agogo. Na ce, "Ɗana, ba kasuwa za ni ba." Ya dubi fuskata, ya ɗage katakonsa.

A jirgi

Da rana muka tashi daga Kano. Allah ya haɗa ni kujera da wata Hajiya Binta, 'yar Kano mai saro lesi da turare. Ita ta ɗaura mini bel, ita ta riƙe hannuna da jirgi ya ɗaga. A Addis Ababa muka sauya jirgi, ta ja ni kamar makauniya daga wannan ƙofa zuwa waccan. Da ta ji abin da ya fito da ni sai ta ce, "Allah ya ba ku haƙuri, 'yar'uwa. Akwai Alhaji Nura a unguwar Al Khabaisi can Dubai, shi ke auna mini kaya. In ana yi, ya san hanya."

Laraba, Al Nahda

Gari na wayewa na fito daga filin jirgi, Bulus yana tsaye. Ya durƙusa har ƙasa a gaban Larabawa da Indiyawa ya gaishe ni. Na amsa a daƙile. Muka shiga tasi, mu muna fita, motocin masu shigowa aiki daga Sharjah sun cika ɗaya hannun ba masaka tsinke.

Masaukin nasu fulat ne a hawa na bakwai, iyali uku a ciki, kicin ɗaya ana bin layi. Talatu matar Bulus ta tuƙa mini tuwon semo da miyar kuka, da daddawar da take ɓoyewa a cikin kwalba don kada maƙwabta su yi ƙorafin wari. Na ci, don ba da tuwo nake faɗa ba. Ina wanke hannu na ce, "To Bulus, ga ni, ba waya. Faɗa mini."

Ya ce, "Yaya, ki bari sai Juma'a. A nan ita ce Lahadinmu, kuma sai an nemi izinin shiga makabarta ta wurin coci."

"Bakinka ma sai an nemi izini?"

"Na yi masa alkawari bakina ba zai faɗa ba. Amma ban yi alkawarin ba zan nuna ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ya riƙe alkawarinsa, ni zan bi nawa.

Alhamis, Al Khabaisi

Ban jira kowa ba. Da hantsi na tasa Talatu gaba ta kai ni ofishin Alhaji Nura, wani ɗan ɗaki cike da kwalaye da sikeli, kowane ƙunshi an rubuta sunan mai shi da Kano ko Maraɗi. Ya aika aka kawo mana shayin karak, dirhami ɗaya kofi, mai daɗi kuwa. Na ce kargo nake so. Ya ce kilo nawa? Na ce ƙanina ne.

Ya ajiye bironsa. "Innalillahi. Inna, mu atamfa da taya muke aunawa." Amma bai kore ni ba. Ya buga waya, ya yi Larabci ya yi Turanci, sannan ya ce tono ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar nan: sai hukuma ta yarda, sai ma'aikatan lafiya, sai ofishin jakadanci, shwayya-shwayya, wato sannu a hankali, yana iya cin watanni, yana iya ƙin yiwuwa. Ya ƙara da cewa, "Mu dai a wurinmu, inda ƙasar mutum ta kira shi nan yake kwanciya."

Na ce, "Alhaji, ƙasarsa tana bayan cocinmu, uwarsa tana gadinta da sanda. Nuna mini ƙofar farko kawai."

Ya yi dariya ya ce, "Khalas, shi ke nan, ke kam ba a tare ki." Ya ce in dawo ranar Lahadi ya haɗa ni da wanda zai raka ni. Na fito da ƙarfina.

Juma'a, Jebel Ali

Bayan sujada a coci muka ɗauki hanya a motar aikin su Bulus, ni da shi da Talatu. Tafiya ce mai nisa, dogayen benaye suka ƙare, sai rumbunan kaya da kwantena jibge-jibge, sai yashi. Makabartar Kirista tana can gefe cikin katanga, ba tsamiya ba inuwa. Mai gadi ya duba takarda ya buɗe.

Ashe su ma layi suke bi. Na sami Ishaku tsakanin wani Ba'indiye da wata 'yar Filifin, sunansa a dutse, ranar haihuwarsa daidai. Na durƙusa, yashi yana ƙona mini gwiwa, na yi kukan da na riƙe shekara guda. Da na gama na yi masa faɗa kamar yadda na saba. Na ce, "Ishaku, ka kyauta ke nan? Matarka tana kwance ita kaɗai, uwarka ta ƙi ci ta ƙi sha, kai kana nan cikin baƙi. To shirya, gida za mu."

Bulus ya ce a hankali, "Yaya, taso ki ga."

Muka tsallaka wata 'yar hanya zuwa inda kaburbura suke ƙanana. Ya tsaya a kan ɗaya wanda bai fi tsawon hannuna ba, ya juya mini baya. Na sunkuya na karanta. Rifkatu Ishaku, 2016. Rifkatu sunan Mama ne.

Talatu ce ta yi magana, don ita ba ta yi wa kowa alkawari ba. Ta ce, "Yaya, kin san ɓarin da Hannatu ta yi ta yi a gida." Na sani mana, ni na riƙe ta duk sau huɗun, kuma duk sau huɗun Mama sai da ta kwanta ciwo. Talatu ta ce da ciki ya zauna a nan, suka ce ba za su faɗa ba sai sun sauko daga jirgi da jariri a hannu. Yarinya ta zo bakwaini, ta yi kwana tara. Hannatu ta roƙi mijinta kada Mama ta ji, kada ta yi kukan jikar da ba ta gani ba. Ciwon da ya mayar da ita gida, daga haihuwar nan ya faro.

Na zauna daɓas a kan yashi. Ni da na yanke cibiyar rabin garinmu, 'yar ƙanina ta zo duniya ta koma ban sani ba. Na ji haushinsu, na ji tausayinsu, ban san wanda ya fi ba.

Sai a lokacin Bulus ya juyo, idonsa ja. Ya ce tunda na gani, sauran ba asiri ba ne. Duk Juma'a Ishaku yana zuwa nan, ya zauna ya ce, "Mamana, na zo." Bayan rasuwar Hannatu, da muka yi ta roƙonsa ya dawo gida ya ƙi, cewa ya yi da Bulus, "Hannatu tana da Mama, tana da Yaya, tana da gari guda. Wannan fa, in na tafi, wa ta sani a ƙasar nan?" Da ya rasu sun roƙi a sa shi kusa da 'yarsa, aka ce manya daban yara daban. Iyakar abin da suka samu ke nan, katanga ɗaya ta kewaye su.

Na koma kan kabarin Ishaku na ce, "Zauna abinka. Amma Mama za ta ji." Bulus ya ce, "Yaya, alkawarin fa?" Na ce, "Kai ka yi, ni ban yi ba." Ban ba shi haƙuri kan zagin waya ba, ni ce babba. Da muka koma dai na tsame naman miyata na zuba masa.

Komawa gida

Ranar Lahadi na je na sallami Alhaji Nura, na ce kargon ya fasa. Bai tambaye ni dalili ba, ya ba ni dabino in kai wa tsohuwa. Litinin na sauka Kano. Ina gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni, da Hajiya Binta, da Alhaji Nura, da Talatu mai tuwo, da Bulus wanda ya sha zagi bai buɗe baki ba. Allah ya saka musu.

Da la'asar na isa gida. Mama tana zaune a tabarma, ta dubi bayana ta ga ba kowa sai jaka. Ta ce, "Ina yake?"

Na zauna kusa da ita na faɗa mata duka, ban rage ba ban ƙara ba. Na zuba mata ido, don na san abin da labari irin wannan ya saba yi mata. Ta ɗago kai. Sannan ta ce, "Me suka sa mata?"

Na ce, "Rifkatu."

Hawaye suka zubo mata, ta bar su. "Ashe yana wurin uwarsa. Ku ƙyale shi."

Na ce, "To filin fa, Mama? In gaya wa dattawa su ba wani?"

Ta laluɓo sandarta ta miƙe, ta ce in ɗauko mata mayafi, gidan fasto za mu yanzu. "Wani wa? Nawa ne, su ƙara haƙuri kaɗan, ba zan daɗe ba. Shi ya riƙe mini takwarata, ni zan riƙe masa matarsa."