Tseren da Ba a Wuce Baba

Tun da ɗan Adam ya ƙera garma, bai sake ƙirƙiro abin da ya kai gem, wasan talabijin na mutum huɗu, adalci ba. Na'urar ba ta san wa ba, ba ta san ƙane ba, ba ta tambayar wanda ya je Makka. Kowa ta ba shi mota ɗaya a talabijin da abin latsawa ɗaya a hannu, ta sake ku a hanya guda. Na karanta littattafai masu kauri a kan daidaito tsakanin mutane, ban ga inda aka aiwatar da shi ba sai a cikin wannan ɗan akwati. Shi ya sa na ɗauko shi na kai gidanmu a Jega.

Mahaifinmu dillalin albasa ne, ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin gonakin Aliero da bakin manyan motoci. Sana'arsa ta gaskiya kuwa musu ce. Yakan yi musu a kan ruwan bana, a kan hanyar da ta fi kusa zuwa Maiyama, a kan wanda ya fara gaida wani a masallaci. In ka kayar da shi sai ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya kwana yana shirya maka amsa.

Da ciwo ya taɓa masa ɓarin jiki, likita ya ce kada a ɓata masa rai. Gidan ya karɓi maganar da hannu biyu. Ko ranar Alhamis ya kira Talata, sai a ce, "Haka ne, Baba." Na ga lokacin da ya fara gwada mu. Wata rana ya ce albasa ta fi yin kyau a kan dutse, yayanmu ya gyaɗa kai ya ce lalle kam. Baba ya dube shi, ya juya fuska bango. Daga nan maganarsa ta koma neman ruwa da tambayar lokacin salla.

Ni malamin makaranta ne, cutar da ke damunmu ita ce mu ɗauka kowace matsala tana da kayan aikinta. Na ce a raina, mutum zai iya yi wa Baba kara, mota ba za ta iya ba.

Da babbar Salla ƙanwarmu ta zo daga Maiyama, muka cika huɗu. Bayan la'asar na jona na'urar a falo. Tseren motoci ne irin na yara, ana jifan juna da ɓawon ayaba. Na saita wa Baba yadda motarsa za ta tafi da kanta, shi dai ya karkata hannunsa mai lafiya. Ya zaɓi koriya.

Aka saki motoci. Koriya ta daki katanga, ta juya, ta kama hanya a hankali. Sai na ga abin da masu ƙera wasan ba su taɓa mafarkinsa ba: motoci uku sun jeru a bayanta kamar masu rakiyar gawa. Yaya ya sami ɓawon ayaba ya riƙe shi har ƙarshe. Ƙanwarmu ta faɗa kogi da gangan.

"Ke, kogin nan bai ƙare ba?" in ji Baba.

"Hannuna na, Baba, bai saba ba."

"Hannun da ka latsa waya tun asuba?"

Muka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya juyo kan yaya.

"Kai kuma mi kaka jira bayana? Gado?"

"Subhanallahi, Baba! Motar ce ba ta da ƙarhi."

"To ku yi da gaske, ko ku kashe abinku."

A zagaye na gaba na yi da gaske. Na jefe shi da ɓawon, koriya ta yi juyi, na wuce. Kiɗan wasan, da bai san abin da ake ciki ba, ya ci gaba da tashi. Na saci kallon Baba. Ya ɗago daga matashin, leɓensa na rawa, idonsa a kan talabijin.

"Ɗan banza," ya ce. "Ta baya ka biyo ni. A sake!"

Wata da watanni ban ji wannan muryar ba.

Yaya ya miƙe, ya zagaya bayan talabijin, hoton ya ɗauke. Ya ce batirin sola ne ya yi ƙasa. Fanka na juyawa a kanmu, kowa na ganinta, har Baba. Ya dube ta, ya dubi yaya, ya ajiye abin latsawar a kan tabarma.

"Haka ne," ya ce.

A zaure yaya ya tare ni, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Malam, in jininshi ya hau, kai za ka ɗauke shi zuwa asibiti? Ka ga yadda bakinshi ka rawa?"

"Yaya, daɗi ya ji."

"Daɗin ne nika tsoro."

Ba ƙiyayya ce ta sa shi ba. Shi ke kwana da Baba, shi ke yi masa alwala. Ni baƙon hutu ne mai littattafai.

Washegari na tambayi Baba ko a jona. Ya ce duk yadda muka gani. Na sake tambaya ranar da zan koma, ya ce in gaida mutanen makaranta.

Yanzu na'urar tana shagon wani mai aski kusa da jami'a a Aliero. Ƙwallo kawai ake bugawa da ita.