Takardun da Kawu ya tsinta a Ainu Shams

Har yau in na ji warin man suya da ya kwana, Kawu nake tunawa.

Ya zo Alƙahira aikin ido ne bayan juyin juya halin Masar, ya sauka a ɗakina a unguwar Ainu Shams, inda nake zaune ina karatu. Yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai dishi-dishi. Kafin ranar aiki ni ke riƙe hannunsa zuwa masallaci. Tun fitarmu ta farko ya taka takarda, ya tsaya cak.

"Wane rubutu ne a jiki?"

"Larabci ne, Kawu, amma..."

"Larabci a ƙasa? Subhanallahi!"

Ya sunkuya ya lalubo ta, ya ɗora a goshi, ya sa a aljihu. Haka ake yi a garinmu, inda Larabci sai a allo da littafin malam.

To, a bakin layinmu akwai mai ta'amiya, ƙosan Misirawa. Mutumin nan ya sayo tsofaffin mujallun zane na ban tsoro a kasuwar Ataba, yana yagowa yana ƙunshe wa mutane. Kowa ya ci ya yar. Tir! A jikin takardun ga wani farin mutum da fiƙoƙi, jini na zuba a haɓarsa. Ga gawa naɗe da tsumma ta fito daga kabari, tsutsa a kwarmin ido. Ga wani ƙato da aka harhaɗa da sassan matattu, ɗinki ya ratsa goshinsa. Mai ya jiƙe su har fuskokin suna ƙyalli. Su ne Kawu ke ɗorawa a goshi.

Na ce, "Kawu, wallahi dodanni ne a jiki, labaran ƙarya ne."

"Kai, yi min shiru. Don ka zo Misra har ka raina harafi? Larabci ne ko ba Larabci ba?"

"Larabci ne."

"To, bakinka."

Ya tara su a leda, ya sa na ɗora a saman kabad, sama da littattafaina. Ɗakin ya ɗauki ƙarni, kyankyasai suka samu gida. Abin da ya fi tayar min da hankali, ya ce zai tafi da su gida ya raba wa dattawan masallaci, tsarabar ƙasar malamai. Dattijon da ake kira sasanta rigima a gari, a ce ya miƙa wa liman hoton mai shan jini! Na so in zubar a ɓoye, amma kullum sai ya sa an sauko masa da ledar ya shafa.

Aiki ya yi kyau. Likita ya cire bandeji ya ce, "Tamam, ya hajj," wato komai daidai, alhaji. Muna shiga ɗaki Kawu ya ce in kawo ledar.

Ya zaro ta farko, ya kai kusa da ido, ya nisanta. Ya daɗe yana kallon gawar nan mai tsumma. Ya zaro ta biyu. Sannan ya nuna rubutun da ke fitowa daga bakin mai fiƙoƙin.

"Me ya ce?"

"Cewa ya yi yunwa yake ji, kuma wuyan yarinyar nan da ɗumi."

Kawu ya tashi ya shiga banɗaki. Ina jin ruwa na zuba, yana ta dirzar goshi da sabulu. Ni da na yi ta jiran ranar da zai yarda da maganata, sai na ji ba na son haɗa ido da shi. Haushin mai ta'amiya ya kama ni, da na wanda ya zauna ya zana ƙazantar nan.

Da la'asar muka fita masallaci, ba riƙon hannu. Wata takarda na kwance a gefen kwata, ta kife. Ya tsaya, hannunsa har ya fara sauka. Sai ya mai da shi aljihu ya dube ni.

"Duba min tukuna," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.