Kawu, Bana Ba Ni Faɗin Suna

Shekara bakwai ke nan da rasuwar kawuna, ƙanen innata, wanda ya tashi daga garin Isa har ya zama editan babbar jarida ta ƙasa. Ni karatuna bai wuce firamare ba, aikinsa kuwa da Turanci ne. Abin da na sani shi ne abin da na gani a tsakar gidanmu.

In abu ya faru a ƙasar Gobir, shi da kansa ke bugo wa inna waya. Ta ce an kashe mutane a hanyar Sabon Birni. Sai in jiyo muryarsa: "Yaya, mutane ba suna ba ne. Wa da wa? Ɗan wa?" Ba ya barin a buga labari sai an samo sunan mamaci da na ƙauyensu. Cewa yake wanda anka kashe ba a faɗi sunansa ba, sau biyu anka kashe shi.

Yanzu sai ka ji an ce "wasu manoma". Da daminar bana ɗaya daga cikin wasu manoman nan mijina ne. A gonar geronmu wajen Tsamaye 'yan bindiga sunka ɗauke shi, har yau yana hannunsu. Ɗiyarmu ta fara tafiya bai gani ba. In babur ya tsaya a ƙofar gida, goyona ko gyarawa ba ni yi nake fitowa.

Na ce za ni kai sunansa jarida, yadda Kawu ya koya mana. Surukina ya ce, "Ɗiyata, mutanen dajin nan su ma suna da waya. In sunka ji surukin manya ne, ba su sakinsa." Gaskiya tasa. Baki shi ke yanka wuya.

Da Kawu na raye, me zai ce? Ya buga, ko ya yi shiru? Na juya tambayar nan har na gaji.

Jaridunsa gara ta cinye su. Abin da ya rage shi ne "wa da wa?" ɗin nan da ke hana ni barci. Mai karatu ya lura ban ambaci sunan Kawu ba, ko nawa, ko na uban ɗiyata. Allah ya jiƙanka, Kawu, ka yafe mini. Ran da mijina ya dawo gida, za ni rubuto sunayen nan duka uku.