Karan da Baffa Ya Kafa a Kusurwa

Jiya na ga yara suna tona gurabu a rairayi bayan ruwa ya ɗauke, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge ni, sai ga ni a Zangon Damagaram, gindin tsamiyar da kakana yake dara.

Kaka dillalin fatu ne. Fataken Kano ba sa sayen fata sai ya ɗaga ta a rana ya ce ta yi. Da idonsa muke cin abinci a gidanmu. In la'asar ta yi kuma sai dara, shi da tsakuwa, abokin wasa da kara. Ban taɓa ganin an tashe shi ba, ga bakinsa da ɗaci. In ya ci mutum sai ya ce ya tafi gida ya taya mata daka. Wanda ya fi shan wannan baki shi ne ɗansa, baffana, tun yana yaro. Shi ya sa ya gudu ya shiga soja, Faransawa suka kai shi ƙetaren teku.

Akwai abin da ni kaɗai na sani. Idon Kaka ya fara tafiya. Abin da ke gabansa daf yana gani, na gefe kuwa sai hazo. In za mu fita sai ya ɗora hannu a kaina, mutane su ce tsoho na son jikarsa, alhali ni ce hanyarsa. Fata kuwa da yatsa yake duba ta, ɗagawa a rana don idon mutane ne. Ya ce mini in na faɗa wa kowa zai yanke mini harshe, kuma na yarda zai iya.

A damanar da ake ta zancen Faransawa za su tafi, Baffa ya dawo, da takalmin soja da rashin magana. Ya kwana biyu yana kallon yadda Kaka ke laluben buta. Wata la'asar sai ya zo ya zauna gabansa ya ɗebi karare.

Ka san mai dara tsakiya yake fara kamawa, nan ne ƙarfi. Kaka ya ajiye tsakuwarsa a tsakiya. Baffa ya miƙa hannu can kusurwar ƙarshe, ta gefen hagun Kaka, ya kafa kara a hankali, ko ƙara babu. 'Yan kallo suka fashe da dariya, wani ya ce soja ya manta dara a jirgin ruwa. Ni ban yi dariya ba, don na san nan ne idon Kaka ba ya kaiwa.

Hannun Kaka ya tsaya a sama da tsakuwa. Zai iya sunkuyawa ya shafa gurabun, ko ya tambaya ina aka sa, amma ga fataken Kano zaune a kan buzu suna kallo. Ni ma ba halin in buɗe baki, domin a gindin tsamiyar nan wanda aka gaya wa wasa an cinye shi ke nan. Ya ɗan juyo wajena, ya mayar da kai.

"Wasan yara," in ji shi. Ya ƙara tsakuwa a tsakiya.

Haka suka yi ta yi. Baffa na bin gefe-gefe yana kafa kararensa kamar mai shinge, Kaka na cika tsakiya da ka, yana zato. Da aka fara tafiya, Baffa ya jera uku ya ɗauke tsakuwa, ya sake jerawa ya sake ɗaukewa. Dariya ta mutu. Can Kaka ya tura tsakuwarsa cikin gurbin da kara ke tsaye a ciki, karan ya faɗi. Kowa ya gani. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baffa ya ɗauki karan ya sa masa a tafin hannu, ya ce da ƙarfi yadda fatake za su ji, "Baba, ga abin da ba ka gani ba. Tashi, yarinya ta kai ka gida."

Kafin lokacin girbi, fatake sun koma wajen wani dillalin. Tsohon bai sake fita ba sai masallaci, kuma bai sake ɗora hannu a kaina ba, bango yake bi. Na tsani Baffa shekaru. Da ya tsufa na tambaye shi don me. Ya ce, "Da ya tambaye ni inda na sa, da na gaya masa." Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa ba.

Bara nawa idon ya fara yin hazo. Jikana ya ɗauke ni a moto zuwa wajen likita, aka ce yanar ido ce, aka cire ta da safe, da azahar ina gida ina cin tuwo. Da aka kwance bandejin na ga komai tar, kowa na yi mini barka, ni kuwa kuka nake, suna zaton na murna ne.