Bayan Mai Walda

Duk wanda ya san layin masu gyaran mota ya san Mai Walda, kuma babu wanda zai ce ya taɓa ganinsa zaune. Gajere ne kakkaura, hannuwansa duk tabon tartsatsin wuta, idanunsa kullum jajaye. Ƙofofi yake ƙerawa da tagogi da gadajen ƙarfe. In aiki ya yanke sai ya kama sharar shago, in ya gama sai ya sauke ƙarafan da ya jera jiya ya sake jera su. Matarsa takan ce ranar da aka raba haƙurin zama, shi yana can yana neman gudumarsa.

'Ya'yansa huɗu, na ukun shi ake kira Lauya, saboda tun yana ƙarami ko aikensa aka yi sai ya tambayi dalili. Yana sakandare mota ta buge shi a hanyar makaranta. Lakar bayansa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ya daina jin komai. Da aka sallame su daga asibiti an haɗa su da keken guragu, amma gidan nasu akwai matakala a bakin ƙofa, ƙofar banɗaki kuma ƙarama ce. Keken ya koma bayan ƙyaure, ana ɗora masa kayan wanki.

Mai Walda ya zama ƙafafun ɗansa. Shi ke goya shi daga gado zuwa banɗaki, daga banɗaki zuwa tsakar gida, ya dawo da shi. Yana cikin haɗa ƙofar wani sai ya kashe inji, ya hau babur ya nufi gida, don ya tuna lokacin juya Lauya ya yi. Masu kawo aiki suka saba da jira. Yayyen yaron sun so su taya shi, ya ce ba su iya ba, za su gurɗe masa kafaɗa. Haka suka haƙura har suka yi aure suka bar gidan.

Shekaru suka tafi. Lauya ya yi gemu, ya fi ubansa tsawo, in an goya shi yatsun ƙafarsa na jan ƙasa. Daga kan gado ya koyi gyaran waya, maƙwabta na miƙo masa ta taga. Baki dai yana nan, amma da ubansa ya shigo ya juya masa baya ya ce "Hau," sai ya hau ba musu.

Wata safiya Mai Walda ya sunkuya ya ɗauke shi, yana miƙewa ya ji kamar an tsinka igiya a ƙugunsa. Su biyun suka zube a ƙasa, uba a nan, ɗa a can, kowa na kallon rufin ɗaki.

Lauya ya juyo da kai ya ce, "To Baba, yanzu wa zai ɗauki wa?"

Mai Walda bai yi dariya ba. Tambayar ta zauna masa a ƙirji, don ita ce ya daɗe yana gudu.

Likita ya tura shi sashen gashin ƙashi. Wani dogon ɗaki ne mai madubi a bango, da gadaje masu tsawo, da ƙarafa biyu da ake dafawa a koyi tafiya, da manyan ƙwallayen roba. Wadda ta karɓe shi mace ce mai tabarau, ba ta kai babbar 'yarsa ba, kowa a wurin Malama yake ce mata. Ta danna masa baya nan da can, yana cije baki yana duban agogo.

Ta ce, "Baba, sauri kake yi?"

"Akwai mai jira na."

"Me kake ɗauka mai nauyi haka? Ƙarfe?"

"Ƙarfe ai ba nauyi gare shi ba. Ɗana nake ɗauka."

Ta tsaya ta saurari labarin daga farko. Da ya gama ta ce, "Hannuwansa lafiya lau suke?"

"Sun fi nawa."

"To ranar da za ka dawo, ku zo tare."

Abin da Mai Walda ya gani a ɗakin nan bai yi masa daɗi ba. Ana sa Lauya ya dafa katifa ya ɗaga jikinsa, yana gumi, Malama kuwa ta harɗe hannu tana cewa ya ƙara. Ta kawo wani katako mai santsi, ta ɗora gefe ɗaya a gado ɗaya a keke, ta ce ya zame a kai da kansa. Duk sanda Lauya ya karkata, sai a ga Mai Walda ya taso daga nasa gadon da jakar ruwan zafi a baya.

"Baba, koma ka kwanta."

"Zai faɗi fa, 'yata."

"In ya faɗi zan koya masa yadda ake tashi. Shi ma darasi ne."

A hanyar gida ya ce wa Lauya, yarinyar nan ba ta da tausayi. Lauya ya ce, "Ni kuwa Baba, yau na fara jin yunwa ta gaske."

Da Malama ta zo duba gidan, abu uku kawai ta nema: a faɗaɗa ƙofar banɗaki, a kafa ƙarfen dafawa a ciki, a yi gangara a maimakon matakala. Mai Walda ya ji an taɓo sana'arsa. Bayan nasa bai gama warkewa ba ya kwaso inji ya kawo gida. Ya yi ukun da aka ce, sannan ya ci gaba. Ya kafa ƙarfe a gefen gado, ya kafa a falo, ya ja wani tun daga ƙofar ɗaki har bakin famfo, ya rataya zobe a rufi. Matarsa ta yi karo da ɗaya tana ɗauke da tukunya, ta ce, "Malam, in gidan yari kake gina mana ka faɗa, mu san laifinmu."

Malama ta dawo ta zagaya gidan, ta nuna masa inda ƙarafan suka tare wa keke hanya. Ya yini yana yanke abin da ya yini yana haɗawa, yana mita.

Ranar da Lauya ya faɗi da gaske a gida aka yi ta. Katakon ya goce, ya zube tsakanin gado da keke. Mai Walda yana tsakar gida ya ji ƙarar, kafin a ce wani abu ya iso ya miƙa hannu.

"Baba, kada ka taɓa ni."

"Kai, ka fasa leɓe fa."

"Na sani. Tsaya a nan ka kalla, ko ka fita."

Bai fita ba, kuma bai iya tsayawa wuri ɗaya ba. Ya je taga ya dawo, ya ɗauki filo ya ajiye, ya cusa hannuwa a aljihu ya fitar. Lauya ya ja jiki ya danne birkin keke, ya juya wa keken baya, ya kama ƙarfen mazauninsa ya yunƙura, ya sulale. Ya huta ya sake. A karo na gaba ya hau. Yana haki, jini a haɓarsa, ya ce, "Ka ga ni?" Mai Walda ya ce ya gani, ya fita bayan gida ya daɗe bai dawo ba.

Daga nan abubuwa suka riƙa suɓuce masa ɗaya bayan ɗaya. Wanka ya fita daga hannunsa, sa tufafi ya fita, juyin kwanciya ya fita. A shago yakan kashe inji ya ɗauki makullin babur, sai ya tuna babu abin da zai je yi, ya tsaya a bakin titi da makulli a hannu. Wani lokaci yakan je ɗin, ya ce ya manta abin awo. Matarsa ta ce, "Abin awon nan dai ya fi kowa son gida."

Sai wani mai shagon waya a bakin kasuwa ya ba Lauya teburi, ya riƙa gyara suna rabawa. Mai Walda ya ce zai riƙa kai shi. Lauya ya ce titin ba nisa, kuma shi da Malama sun bi shi tare sun san ramukansa. Ranar farko ya fita da jakar kayan aiki a cinya. Mai Walda ya jira ya sha kwana, sannan ya bi shi a ƙafa, yana laɓewa a bayan motocin da aka ajiye kamar mai bin ɓarawo.

Kusa da kasuwa akwai kwata da murfinta ya karye. Ƙaramar tayar keken ta faɗa, Lauya ya tura gaba ya ƙi, ya ja baya ya ƙi. Mai Walda yana bayan rumfar mai jarida, ƙafa ɗaya ta riga ta fita. Ya ga ɗansa ya ɗaga hannu ya kira wani mai wucewa, ya nuna masa daidai inda zai kama, mutumin ya ɗaga, suka gaisa, kowa ya kama gabansa. Yana tsaye yana share gumi wayarsa ta yi ƙara.

"Baba, tun daga gidan mai nake ganin hularka a madubin motoci. Tunda ka zo, auna mana kwatar nan."

Washegari kwatar ta samu murfin ƙarfe. Daga ita kuma Mai Walda ya samu sabon ciwo: ba ya iya wuce matakala bai tsaya ba. Kantin magani, shagon aski, wurin ɗinki, sai ya durƙusa ya auna, ya kira mai wurin ya ce masa, mai keke ta ina zai shiga? Wasu sun ba shi aikin, wasu sun ce masa su ba su da kwastoma mai keke, ya ce ai dalili ke nan. Har da wanda ya kore shi.

Bana Lauya ya samu gurbin ƙaro sani a wani gari, wata uku, shi kaɗai. Mai Walda ya raka shi tasha, ya zagaya motar yana harbin tayoyi, ya ɗaure keken a sama da kansa, ya kwance ya sake ɗaurewa. Ya karɓi lambar direba. Lauya ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, in ka kira shi fiye da sau ɗaya zan sani."

Motar ta tashi. Mai Walda ya tsaya har ta shige cikin sauran motoci, ya duba lambar direban, ya mayar da wayar aljihu. Bai nufi shago ba, bai nufi gida ba. Ya bar babur ɗinsa a tasha ya miƙi titi a ƙafa, da sauri, sai da ya yi nisa ya tuna da babur ɗin ya juyo.