Gefen Hoton da Aka Yanke

Ina jiran layi a shagon buga hotuna, ita kuwa tana gabana, doguwar mace mai tabarau, da tsohon tabon ƙuna daga kunne har wuya. Mai shago yana shimfiɗa mata babban hoto, wani jan dunƙule mai tsage-tsage.

"Ina gefen?" in ji ta.

"Na gyara miki, Malama. Duk datti ne, sai na yanke."

Ta daki teburin har almakashi ya faɗi ƙasa. "Tauraro ne ya fashe, malam! Wannan da kake kira datti, iskar gas ce da ƙurar da ke kusa da shi. Tarkacensa ya afka musu, ya matse su, ya gasa su, har yau bai daina tunkuɗa su ba. Shi ya mutu ya huta. Na gefen nake nazari."

Ta fizgi hoton ta keta biyu, ta sake ketawa. Hannunta ya koma yana shafar tabon nan, ita ba ta ma lura ba.

Ban san abin da ya taɓa fashewa kusa da ita ba. Amma na tabbata ranar a gefe take tsaye.