Goron Sunan da Alhaji Isufu Ya Raba

Ina bayan kanta a shagona na unguwar La Guillotière a birnin Lyon na Faransa, ina auna wa wata mata barkono, wayata ta yi ƙara. Babban ɗan Alhaji Isufu ne daga Paris. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Baffa, Baba ya rasu bayan sallar asuba." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na nemi kujera na zauna. Hawaye suka zo, amma wallahi kafin azahar na kama kaina ina dariya ni kaɗai, domin Alhaji ba mutum ba ne da za a tuna da shi fuska a murtuke.

Mutumin Maradi ne, dogo, mai babbar murya. Sana'arsa ita ce ya sari kaya a manyan rumbunan Aubervilliers da ke gefen Paris ya kawo mana Lyon da motarsa. Shekaru muna hulɗa, ban taɓa ganin ya iso kan lokaci ba, kuma ban taɓa ganin ya iso shi kaɗai ba. Yau ɗalibi ne da akwati a gefensa, gobe tsoho ne mai zuwa ganin jika. Ni kuwa Allah ya yi ni da gajen haƙuri. In na fara faɗa cewa kayana sun makara, sai ya ce, "Malam Sani, motar tawa ce, amma kujerun na Allah ne." Ya za ka yi da mai wannan magana? Sai ka sauke kayanka ka yi shiru.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shekarar babbar guguwa. An yi ta shela a rediyo da talabijin cewa iska da ruwan da ba a saba gani ba suna tafe yankin Paris, duk wanda yake kwana a ƙasan bene kusa da ruwa ya fita. Masu mota suka ɗebi iyalansu suka yi gaba. Jiragen ƙasa suka fara tsayawa. Aka bar waɗanda ba su da ko keke, cikinsu har da mutanenmu da ke haya a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa a Aubervilliers: tsofaffi, zawarawa, da masu neman na tuwo. Hukuma ta buɗe musu babban ɗakin wasanni da gadaje, amma suka ƙi zuwa. Wasu tsoron tambayar takardu suke, wasu kunya.

Jagorar masu ƙin kuwa ita ce Inna Mariyama, tsohuwa 'yar Damagaram mai sayar da turaren wuta, ƙafa ɗaya ba lafiya. Ita ce uwar kowa a wannan layin. In ta zauna an zauna, in ta tashi an tashi. Aka yi lallashi, aka yi barazana, ta ce, "Ni da girmana in je in kwanta a tsakiyar maza kamar kayan gwanjo? Ruwan ya zo ya same ni a ɗakina." Ɗakin nan kuwa tagarsa daidai da ƙafar masu wucewa take. Alhaji ya ce mata, "Inna, ruwa ba ya tambayar shekaru." Ta ce ya fita mata daga ɗaki.

A makon nan ne matata Hadiza ta haihu a Lyon, ana jibi suna. Mun shirya ɗan ƙaramin taro, domin mahaifiyarta ba ta samu izinin shigowa ƙasar ba, gidan namu kuma ɗaki biyu ne. Alhaji ya san duk wannan. Bai shawarce ni ba, bai kira ni ba. Ya sayi goro da alewa, ya sa babbar riga, ya koma wurin Inna kamar ba shi ta kora ba. Ya durƙusa ya yi doguwar gaisuwa, bai ambaci guguwa ko sau ɗaya ba, sannan ya miƙa mata goro ya ce, "Matar Malam Sani ta sauka lafiya, an samu mace."

Inna ta karɓa ta gutsura, ta ce, "Barka, Allah ya raya. Ina ne sunan?"

Ya ce, "Lyon, Inna. Kuma yarinyar nan ba ta da uwa a kusa. Ba mai dafa mata ruwan wanka, ba mai dama mata kunun kanwa. Mijin ne yake yi."

Inna ta dafe ƙirji. "Namiji? Wankan jego? Kai, wannan abin kunya da me ya yi kama! Ɗauko mini sandata."

Haka ya bi ƙofa ƙofa da goronsa. A wurinmu wanda ya karɓi goron suna ya ɗauki alkawarin zuwa, balle ga Inna ta riga kowa ɗaure kaya. Ya tattaro abokansa 'yan kasuwa masu motoci daga Sevran da ke kusa da su, ya aro wata doguwar mota mai kujeru, aka loda mutane da tabarmi da tukwane. Sai da suka yi nisa a hanya ya kira ni ya ce, "Malam Sani, ka ƙaro rago."

Na ce, "Ragon me kuma?"

Ya ce, "Baƙinka na nan tafe."

Ranar na yi faɗan da ban taɓa yi ba. Na ce ina zan saka unguwa guda, a kaina? Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Mutum ba ya ƙin a nemi taimakonsa. Abin da yake ƙi shi ne a taimake shi a gaban jama'a. Ka yi musu maraba kawai." Na kashe waya ina huci, amma na fita neman rago.

Ban taɓa ganin suna irin wannan ba. 'Yan'uwanmu na La Guillotière suka raba baƙin gida gida, aka ci aka sha, aka yi raha har da guɗa. Muna cikin cin tuwo labari ya zo cewa ruwa ya cika ɗakunan nan har ya shafe tagogi. Inna kuwa ta ɗaga murya ta ce a miƙo mata jaririya, lokacin wanka ya yi. Ta zauna mana har aka yi arba'in, ta mulki gidana, ta hana ni shiga ɗakin girki, ta ce ko shayi ban iya ba. Gaskiya ta faɗa.

Da na je Paris ta'aziyya, na same ta zaune kusa da matar marigayi, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta. Don in sa ta murmushi na ce, "Inna, har Alhaji ya tafi ba ki gane wayon da ya yi miki ba."

Ta dube ni ta ce, "Sani, kai dai yaro ne. Tun da na ga babbar rigar nan na gane. Kana tsammani ba na tsoron ruwa? Kwana na yi ban runtsa ba. Na riga na yi rantsuwa a gaban mutane, na rasa hanyar fita. Shi ne ya kawo mini hanyar da zan fita da mutuncina, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa tuna mini ba." Sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ya Allah, ga bawanka Isufu ya zo gare ka. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa bayinka, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba matarsa Hajiya da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi, ka tsaya musu a ƙasar da ba tasu ba. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.